Kafin ka girgiza gwangwanin nan, duba kwalbar

Ka san irin bidiyon nan da ke yawan giftawa a TikTok da Instagram. Hannu kawai ake nunawa da kicin tsaf-tsaf. A zuba ƙanƙara a gwangwanin ƙarfe, a tsiyaya wani abu daga kwalba biyu ko uku, a girgiza, a juye a kofin gilashi mai doguwar ƙafa, launin kamar ruwan kankana. Sai ka tura wa abokinka, ke ma ki tura wa ƙawarki: "Wallahi sai mun gwada wannan martinin."

To ɗan dakata, mu ga abin da ke ciki tukuna.

Martini na asali babu zaƙi a cikinsa ko kaɗan. Barasa ce iri biyu: jin, da wani ruwan inabi mai haɗin ganyaye da ake kira bamut, sai a jefa ɗan zaitun ko ɓawon lemun tsami. Ma'aunin da aka saba shi ne mililita 60 na jin da 10 na bamut. Ƙarfin jin kusan kashi 40 cikin 100 ne, giyar gwangwani kuwa kusan kashi 5. Ka lissafa: ɗan kofin nan da ake shanyewa a kurɓi huɗu ya kai ƙaramin gwangwanin giya ɗaya da rabi. Ga ɗaci, ga ƙuna a maƙogwaro.

Ɗacin nan ne ke hana mutum zarcewa, shi ya sa ake rufe shi. Tsakanin 1920 da 1933, lokacin da Amurka ta haramta sayar da barasa, mutane sun koma shan wadda ake haɗawa a ɓoye, mai mugun ɗanɗano, suna rufe ta da zuma da ruwan lemu. Da aka ɗage haramcin, dabarar ba ta mutu ba. A shekarun 1980 wani mai haɗa koktel a Landan, Dick Bradsell, ya fito da haɗin bodka da gahawa, wanda yanzu ake kira espresso martini. A shekarun 1990 na tuffa ya yi tashe, yau ga na mangwaro, ga na cakulan. Yawancinsu da bodka ake yi don kusan ba ta da ɗanɗano, kuma ba su gaji martini a komai ba sai suna da siffar kofi. Da kullen korona ya rufe mashaya a 2020, sai Turawa suka kwashe sana'ar zuwa kicin, kyamara na kallo. Abin da ke iso mana a waya ke nan.

A mashaya aƙalla akwai ma'auni. A gida hannu ne ma'auni, kuma hannu ba ya rowa idan abu na da daɗi. Na gahawar ya fi ba ni tsoro, domin sinadarin da ke hana barci, irin wanda ke cikin goro, yana ɓoye kasalar da barasa ke kawowa. Mutum ya bugu amma yana jin kansa garau. Kan wannan dalili ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke haɗa su biyun a gwangwani ɗaya a 2010.

Na san abin da za ka ce: "Malam, mu ai moktel muke yi, babu giya." Madalla. Amma ka taɓa tambayar me ake ɗigawa a Chapman, lemon nan namu na Najeriya da ake rabawa a biki? Fanta ce da Sprite da jan ruwan sukari da kokwamba, sai 'yan ɗigo daga wata ƙaramar kwalba mai takarda har wuya, Angostura. Juya kwalbar ka karanta: kashi 44.7 cikin 100 barasa ce, ta ma fi jin ɗin ƙarfi. Gaskiya ne ɗigo uku ko huɗu ba sa bugar da kowa, kuma wasu masu haɗawa ba sa sakawa sam. Hukuncin ɗigon kuwa fagen malamai ne, ni ba zan shiga ba. Sai dai yaya za ka kai musu tambaya kan abin da ba ka ma san yana cikin kofinka ba?

Mu da muka ga yadda aka riƙa tsiyaya kodin cikin lemon kwalba har gwamnatin tarayya ta hana maganin tarin a 2018, bai kamata a ce zaƙi da launi sun sake ruɗar mu ba. A wajen bazday ko dina, idan aka miƙo miki kofi mai kyau, ki tambayi abin da ke ciki. Wanda ya ji haushin tambayar, ki ajiye masa kofinsa.

Ban ce ku bar haɗe-haɗen ba fa, ni kaina abin yana burge ni. Gwanintar duka a daidaita tsami da zaƙi da sanyi take, kuma wannan iyayenmu mata sun daɗe suna yi da zobo da tsamiya ba tare da kyamara ba. Narka sukari kofi ɗaya a ruwan zafi kofi ɗaya ka bari ya huce. Ɗauki jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace cokali shida, ruwan sukarin cokali biyu, ruwan ɗanyar citta cokali ɗaya. Idan ɗan ɗacin Angostura kake nema, tafasa kanumfari da ɓawon lemu ka ɗiga kaɗan. Ba ka da gwangwanin ƙarfe? Kwalbar bama da aka wanke ta isa. Cika ta da ƙanƙara, girgiza har hannunka ya fara jin sanyi, ka tace a kofin da ya kwana a firji.