Wuƙar Japan da wuƙar maƙeranmu

1/ Masu yaɗa bidiyon wuƙaƙen Japan kuna ta "kai, fasaha!", ku zo mu yi magana. Wutar nan da gudumar nan fa akwai su a Minjibir.

2/ A garin Sakai, kusa da Osaka, hannu uku ke taruwa kan wuƙa ɗaya: maƙeri, mai wasawa, da mai sa mariƙi. Sannan a zana suna a jikin ƙarfen. Da gwamnatinsu ta hana yawo da takobi a 1876, maƙeran takubba da dama sun koma ƙera wuƙar girki.

3/ Namu kuwa tsohon sifirin mota yake samowa, ya zuga wuta da zugazugi, ya buge shi, ya wasa. Tambayi mahauta da masu tsire ku ji yadda take riƙe kaifi.

4/ To ina aka bar mu? A wajen suna da gamawa. Wuƙarmu ba tambari, ba ka san wa ya ƙera ba. In ta yi kyau ba wanda za a koma wa.

5/ Mu ma da laifinmu. Sai babbar sallah muke tunawa da maƙeri, mu taya masa kamar da gayya. Wane yaro zai gaji sana'ar da ba ta ciyarwa?

6/ Maƙera su riƙa buga tambari, dukawa su ɗinka kube, mu masu waya mu tallata. Bana kafin layya, je maƙera, ka biya ba ciniki.