Takarda ko Zumunta?

Masu kare korar baƙi kan ce ƙasa ba ta amsa sunanta sai da iyaka. Mun ji. To amma a 1969, da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su bar Gana, cikin waɗanda aka loda a motoci har da Hausawan zango waɗanda aka yanke wa cibiya a Kumasi. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta maimaita wannan ɗanyen aiki, aka raba miji da mata, yara suka bar karatu ba shiri. Hujjar, wai baƙi ne suka cinye ayyukan yi. Ai kuwa sun tafi, farashin man fetur bai farfaɗo ba, masana'antu suka ci gaba da sallamar 'yan ƙasa.