Sukari ba ɗan Faransa ba ne

Akwai wani kuskure da ke yawo a azuzuwan koleji, kuma abin takaici, wasu malamai ne ke yaɗa shi. Suna gaya wa ɗalibai wai kalmar «sukari» gurɓatacciyar «sucre» ce, Bahaushe ya ji ta a bakin Nasara, harshensa ya gaza. Yaro ya rubuta a kayensa, ya koma gida yana yi wa kakarsa kallon mai karya Faransanci.

To, ita «sucre» ɗin ƴar ina ce? Bature na Ingila yana cewa «sugar», Bajamushe «Zucker», mutumin Italiya «zucchero», na Sifen «azúcar». Babu ɗaya daga cikinsu da aka yanke wa cibiya a Turai. Rumawan dā da zuma suke zaƙaƙa abinci. Ɗan sukarin da ke iso musu daga gabas magani suka ɗauke shi.

Tushen yana Indiya. A harshen Sanskirit «sharkara» tsakuwa take nufi, domin ruwan rake in ya dahu ya daskare, ƙwaya-ƙwaya yake zama. Farisawa suka ce «shakar», Larabawa suka ce «sukkar». Bayan Larabawa sun shiga Andalus a 711, da tsibirin Sisiliya daga 827, suka kai noman rake can, sunan ya bi kayan. Ta Italiya ya ratsa, bai isa Faransanci ba sai ƙarni na 12.

Mutanen Sifen ma haɗiye kalmar suka yi har da harafin ta'arifin Larabci: «as-sukkar» ta zama «azúcar». Haka Hausa ta yi wa alƙali da alƙalami, haka ta yi wa «l'école» ta samu lakwal. Amma ba a taɓa jin malami a Madrid ya ce harshen kakanninsa ne ya gaza ba.

Hausa daga Larabci ta karɓi tata, kamar yadda Sawahili ya yi, shi ma «sukari» yake cewa. A Kano da Zariya, inda Faransa ba ta taɓa mulki ba, kalmar tana bakin kowa. Wadda ta zo da Turawa ita ce «suga». Ashe «sucre» da «sukari» ƴan ɗaki ɗaya ne, kowace da hanyar da ta biyo.

Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Ƙamus ɗin Petit Robert da ke shan ƙura a ɗakin malamai ya ambaci Italiyanci da Larabci a ƙarƙashin kalmar, tun kafin ya shiga bayanin ma'anarta.