A DUBA BUTUTU KAFIN A YI YAƁE

Jama'ar Kunci, musamman 'yan kasuwa da masu injin niƙa, akwai wata ɓarna da ake yi wa talaka a cikin bango, inda ido ba ya kai wa. Watau zancen bututun da ake zura wayar lantarki ne. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗin bututu mai faɗi, ya sayo tsukakke, ya cusa waya mai kauri da ƙarfin tsiya, magini ya shafe da siminti. Shi ke nan, an binne magana.

To, ga abin da ke biyo baya. Wayar da ke ɗauke da wuta mai yawa, kamar ta injin niƙa ko ta famfon rijiyar burtsatse, zafi take yi, dole a bar mata sarari. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, in wayoyi sun kai uku a bututu guda, kada su cika fiye da kashi 40 cikin 100 na cikinsa. Bututu mai milimita 20 na wayar fitila ne da fanka. Wanda ya tura manyan wayoyin inji guda huɗu a ciki, tun wajen ja ya fara ɗaye robar da ke jikinsu, balle in hanyar ta cika lanƙwasa. Kowace lanƙwasa ƙara taurin ja take yi, shi ya sa gwanaye kan sa akwatin ja bayan lanƙwasa biyu. Waya mai rauni ba ta kama wuta ran nan. Sai ta shekara tana gasuwa, rannan da tsakar dare ta tashi da shago da hatsin da ke ciki.

Bututun roba yana da araha, ba ya tsatsa, ya dace da cikin bango. Amma fa a fili rana takan sa shi gautsi, amalanke ya buge shi ya fashe. Nan sai na ƙarfe, a kuma haɗa shi da wayar ƙasa. Wanda za a binne ya ratsa gona kuwa, a haƙa masa kamar santimita 60, don garmar shanu ba ta tambayar abin da ke ƙarƙashi.

Kano ta ga yadda gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a 2016, ga kuwa 'yan kwana-kwana a cikin gari. Ina ga kasuwar ƙauye?

Tun 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA don duba aikin wuta da tantance masu yinsa. Muna kira ga Ƙaramar Hukuma kada ta biya ɗan kwangilar rumfunan kasuwa ko kwabo sai mai duba aiki ya gani ya sa hannu. Ku kuma shugabannin 'yan kasuwa, ku tsaya a wurin ranar jan waya, ku karanta lambar da ke jikin bututun, ku gwada da abin da aka rubuta a takardar kwangila, tun magini bai kwaɓa siminti ba.