Taskar Uwargida: Sabon Littafi Ba Ya Fitowa Sai An Sayi Na Jiya

  

A wannan wata zancenmu na littattafai ne, wato sababbin ƙagaggun labarai da rubutattun waƙoƙi da littattafan zane da hotuna waɗanda ƙananan kamfanonin ɗab'i ke fitarwa. Bari in fara da tambayarki 'yar uwa: yaushe rabonki da ki kwance bakin zane ki sayi littafin Hausa sabo fil? Ban da na aro, ban da na haya, ban da wanda aka turo miki ta waya. Idan kin daɗe, to ki sani ba ke kaɗai ba ce, kuma wannan shi ne ciwon da ke cin masu buga littafi a ƙasar Hausa.

A da can, buga littafin Hausa aikin hukuma ne da babban kamfani. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma duk marubutan maza ne. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin da ake lissafawa a matsayin na farko da mace ta wallafa da Hausa. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya suka koma kan littattafan makaranta, sai marubuta suka ce in ba ka yi ba ni wuri. Suka riƙa tara kuɗinsu suna kai wa ƙananan maɗaba'u a Kano. Ta haka Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa. Masana suka raɗa wa wannan yunƙuri suna Adabin Kasuwar Kano. Da yawa daga cikinmu da waɗannan littattafai bakinmu ya faɗa a karatun boko, wasu ma a ɗakin aure suka koya.

To, yaya sabon littafi ke fitowa daga irin waɗannan kamfanoni? Marubuciya za ta gama rubutu, ta biya mai buga shi a kwamfuta, ta biya mai zanen bango, ta sayi takarda, ta biya maɗaba'a, sannan ta kai wa dillalai a kasuwa, sau da yawa bashi, sai an sayar a ba ta nata. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa labari ɗaya ke zuwa kashi na ɗaya da na biyu da na uku? Ba don a ja miki rai kaɗai ba ne. Da cinikin na ɗaya ake buga na biyu. Idan na ɗaya ya kwanta a shago, na biyu sai ya mutu a cikin akwatin mai shi. Ga shi kuma yawancin takarda da tawada daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar naira a 2023 ta ɗaga kuɗin ɗab'i matuƙa. Yanzu idan mutum ashirin suka karanta kwafi ɗaya, ko aka kwafe littafin aka raba ta waya ba da izinin mai shi ba, ina za ta samu na buga wani? Wannan fa haƙƙi ne, kuma Allah ba ya yafe haƙƙin wani sai mai shi ya yafe.

Na san wata za ta ce, ai littattafan nan su ke ɓata mana yara. Ƙorafin ba sabo ba ne. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i, a 2007 kuma har ƙona littattafai aka yi a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Gaskiya ne akwai baragurbi, wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari. Amma duba inda muka tsinci kanmu. Da littafin takarda ya ja baya, yaran ba su daina karatu ba, sun koma waya ne, inda ba mai tacewa, ba sunan maɗaba'a, wani lokaci ko sunan marubuciyar na gaskiya babu. Littafin takarda kina iya ɗaga matashin 'yarki ki gan shi, ki karanta, ki san abin da ke shiga kanta. Na cikin waya fa? Saboda haka mutuwar ƙananan kamfanonin nan ba nasara ba ce ga tarbiyya, asara ce.

Ga shawarwarina, uwargida.

Na farko, ki riga 'yarki karantawa. Duk littafin da zai shigo gidanki, ki duba bangonsa: akwai sunan marubuci, da na kamfani, da shekarar bugu? Wanda ya sa sunansa yana jin kunyar rubuta batsa. Sannan ki karanta, in kin gama ki ba ta, bayan kwana biyu ku zauna ku tattauna. Wace ce ta yi daidai a labarin, wa ya yi zalunci? Maganar da kunya ba za ta bari ki yi da ita kai tsaye ba, kamar zaɓen miji da zama da kishiya da haƙuri da iyakarsa, sai ki same ta cikin sauƙi ta bakin mutanen littafi.

Na biyu, kada ki tsaya kan labarin soyayya kaɗai, ki tambayi mai shago littattafan waƙoƙi. Su ne suka fi kwantai, don haka kamfani ya fi jin tsoron buga su. Alhali waƙa gadonmu ce mu mata. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru. A 1983 an tattara waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu a littafi mai suna Alƙalami a Hannun Mata. Waƙa tana shiga kunnen wadda ba ta iya karatu ba, kina rerawa kina tankaɗe, kaka da jika duk suna ɗauka.

Na uku, ki tuna da ƙananan yara. Littafi mai zane da hotuna ya fi tsadar bugawa saboda launi, shi ya sa na Hausa suka yi ƙaranci. In kin ci karo da shi kada ki wuce. Yaron da ya saba buɗa shafi yana ganin akuya da rijiya da sunayensu a harshen uwarsa, ba zai ɗauki littafi dodo ba ranar da aka kai shi aji ɗaya.

Na huɗu, batun kuɗi. Na san halin da ake ciki, amma kuɗin littafi bai kama ƙafar na anko ɗaya ba. Ke da kike turara shinkafa ko kike shanya tumatir, ware wani abu lokacin da kasuwa ta buɗe. Ku biyar a makarantar Islamiyya za ku iya yin ɗan adashi, kowa ta sayi littafi dabam, sai ku riƙa musanya. Kun ga an sayi biyar ke nan maimakon ɗaya ya yi ta yawo har bangonsa ya cire. Idan kuma kin ji marubuciyar da kika yarda da ita tana shirin fitar da sabo, ki yi wa mai shago magana tun da wuri, ko ki ba maigida ko ɗanki saƙo in za su shiga birni. Yawan tambaya shi ke sa dillali ya karɓi kaya, shi ke ba kamfani ƙarfin gwiwar bugawa.

Kada ki raina abin da ke hannunmu. A 2012 wani ƙaramin kamfani mai suna Blaft da ke birnin Chennai na Indiya ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, fassarar Aliyu Kamal. A 2016 wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Glenna Gordon, ta fitar da littafin hotuna sukutum a kan matan Arewa marubuta, shi ma ƙaramin kamfani ne ya buga shi. A shekarar ce kuma sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla. Na nesa sun ga darajar abin, bai kamata mu na gida mu zama masu rainawa ba.

Daga ƙarshe, 'yar uwata ta yankin noman rani, ki lura yawancin labaran da muke karantawa na birni ne, gidan sama da mota da ɗan alhaji. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya shigo gonakin Kadawa da Kura, rayuwar dubban gidaje ta sauya. Ina labarin matar da ta aurar da 'ya'yanta da kuɗin turara shinkafa? Ina na gidan da tsutsar tumatir ta 2016 ta bar su da bashi? Ina na yarinyar da ake ja-in-ja a kanta tsakanin talla da makaranta? Ba mai rubuta su sai wadda ta rayu a cikinsu, wataƙila ke, wataƙila 'yarki. Babban kamfani ba zai zo ƙofar gidanki neman rubutunki ba, ƙaramin ne zai karɓa, in har mun bar shi da rai.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu karanta abin da zai amfane mu duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.