Suna linzami ne: darasin da ke cikin rikicin wasan Need for Speed

 Yau zancena a kan wasan yara ne, amma ina roƙon dattawa kada su yi saurin juya shafi, domin abin da ya faru tsakanin wani babban kamfanin Amurka da abokan cinikinsa abu ne da ya shafi duk wanda ke kasa haja a rumfa.

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a garuruwanmu, inda samari kan yi cincirindo gaban talabijin da na'urar PlayStation 2, ya san bayan wasan ƙwallo akwai wasan tseren motoci mai suna Need for Speed. Kamfanin Electronic Arts, wanda ake taƙaitawa da EA, mai mazauni a jihar Kalifoniya, shi ne mai wannan suna tun daga fitowar na farko a shekarar 1994. Sai dai abin da ya ɗaga shi sama shi ne jerin da wani reshen kamfanin mai suna Black Box da ke Kanada ya fitar a jere: Underground a 2003, Underground 2 a 2004, Most Wanted a 2005, sannan Carbon a 2006. A cikinsu mai wasa kan fara da ƙaramar mota, ya yi tsere a titunan birni, ya tara kuɗi, ya sauya inji da tayoyi da fenti har motar ta zama abin kallo. Most Wanted na 2005 ya ƙara da ƴan sanda masu bin mutum babu sassauci, da jerin gwanaye 15 waɗanda sai ka kayar da su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu shi ne Razor, mutumin da ya karɓe maka motarka BMW M3 GTR ta hanyar maguɗi. Wannan faifai ya sayu kusan miliyan 16, kuma shi ne jama'a da dama ke nufi idan suka ambaci sunan wasan.

To ana cikin haka sai kamfanin ya sauya hanya. A shekarar 2007 aka fitar da ProStreet, inda aka ɗebe ƴan sanda, aka ɗebe yawo cikin birni, aka mayar da tsere cikin killataccen fili bisa doka. A 2009 aka fitar da Shift, wanda ya ƙara nisa, domin shi kwaikwayon tuƙin ƙwararrun direbobin gasa ne, inda kuskure kaɗan wajen taka birki kan fitar da mutum daga hanya. Masu sha'awar wasan suka yi ca a kan kamfanin, suna cewa ba wannan suka saba saye ba. Shi kansa shugaban EA na lokacin, John Riccitiello, ya amsa a 2010 cewa sun matsa wa ma'aikatan Kanada da aikin fitar da sabon wasa kowace shekara har suka jigata, kuma cinikin ya ja baya.

Amma inda aka fi ɓata wa jama'a rai shi ne shekarar 2012. A wannan shekara wani reshe na EA da ke Ingila, wato Criterion, wanda ya yi suna da wasan Burnout, ya fitar da sabon faifai kuma aka liƙa masa tsohon suna, Most Wanted. Wanda ya saya da zaton zai sake haɗuwa da Razor sai ya tarar babu shi, babu labari, babu irin gyaran jikin mota da ya sani, gwanaye sun koma 10, motoci kuma ana tsintarsu a ajiye a lungunan birni ba tare da an sha wahalar tara kuɗinsu ba. Masu sharhi a jaridun Turai da Amurka sun yaba da wasan, kuma a gaskiya ba shi da muni. Laifinsa shi ne ya sanya rigar wani. Shi ya sa har yanzu idan aka ce Most Wanted sai an tambaya, na 2005 ko na 2012?

A nan ne nake ganin masu ƙorafi suna da gaskiya. Hausawa sun ce suna linzami ne. Mutumin da ya biya kuɗi saboda sunan da ke jikin kwali, alkawari ya saya, ba harufa ba. Mu ƴan kasuwa mun fi kowa sanin haka. Matar da ta taso daga ƙauye ranar kasuwa ta ambaci sunan atamfa, ba ta buɗe dila ta ƙirga zare ba, ta dogara ne da abin da ta gani bara, cewa ta wanke ba ta zuba ba. Ranar da ta kai gida ta tarar tambarin na nan amma yadin wani ne daban, ba za ta je kotu ba, ba kuma za ta rubuta wa masaƙa takarda ba. Za ta wuce rumfarka kawai, ta kuma faɗa wa maƙwabtanta.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Su ma masu wasan ba su da sauƙin gamsarwa. Lokacin da aka fitar da Undercover a 2008, wanda ya koma salon birni da ƴan sanda, an yi ta cewa maimaici ne kuma an yi shi cikin gaggawa. Idan an sauya a ce an ci amana, idan an maimaita a ce an gaza. Wasu kuma ba wasan suke kewa ba, ƙuruciyarsu suke kewa, kuma babu kamfanin da zai iya dawo wa ɗan shekara 35 da daɗin da ya ji yana ɗan shekara 15. Sabo turken wawa ne, in ji masu iya magana. Ɗan kasuwar da ya ce ba zai taɓa sauya haja ba, zai wayi gari yana gadin kasat ɗin rediyo alhali jama'a sun koma sauraron waƙa a wayar salula.

Don haka ba sauyin nake zargi ba, yadda aka yi shi nake zargi. Ku dubi kamfanin Microsoft. Yana da wasan tseren killataccen fili mai suna Forza Motorsport tun 2005. Da ya so jawo masu son yawo a buɗaɗɗiyar hanya, bai rushe na farko ba, sai ya buɗe wata rumfa a gefe a 2012 ya sa mata suna Forza Horizon. Kowa ya san ƙofar da zai shiga da abin da zai tarar. Shi kuwa EA ya yi ta jefa suna ɗaya daga wannan reshe zuwa wancan, daga Kanada zuwa Ingila zuwa Suwidin, kowane ya zo da nasa ra'ayi. An rufe Black Box a 2013. Wasan da reshen Ghost Games na Suwidin ya fitar a 2015 ba ya tashi sai da intanet, ko da mutum shi kaɗai zai yi wasa, wanda hakan tamkar rufe ƙofa ne ga mai gidan gem a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A 2022 aka fitar da Unbound da zane-zanen katun suna fita daga jikin motoci, nan ma jama'a suka rabu gida biyu. A watan Fabrairun 2025 kamfanin ya bayyana cewa ma'aikatan Criterion sun koma aikin wasan yaƙi mai suna Battlefield, aka jingine sabon Need for Speed. Sunan da ya shekara 30 ana kiransa ya zauna a benci.

Shawarata ga masu sayar da faifai da na'urorin gem ita ce, idan yaro ya zo neman Most Wanted, a tambaye shi wace na'ura gare shi, a kuma duba shekarar da ke bayan kwali, domin na 2012 bai fito a PlayStation 2 ba. Kada a karɓi kuɗinsa a bar shi ya gano a gida. Ga sauran ƴan kasuwa kuma, ko shinkafa kake sayarwa ko batir ko kayan gyaran babur, idan inda kake saro kaya ya sauya inganci, faɗa wa mai saye da bakinka kafin ya biya. Ka ce masa wannan ba irin na bara ba ne, ga farashinsa, ga amfaninsa. Mai yiwuwa ka rasa cinikin ranar, amma zai dawo mako mai zuwa, domin ya san bakinka.

Kamfanin da ke da dubban ma'aikata da dukiya mai yawa yana iya yin kuskure sau biyar ya tashi. Ni da kai masu rumfa ɗaya a bakin iyaka ba mu da wannan dama, sunanmu shi ne jarinmu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin amanar abokan ciniki, amin.