Zagaya Duniya: Fiji, Ƙasar Da Baƙi Suka Zama 'Yan Gari

A wannan wata filin namu ya yi nisan zango, domin kuwa ya sauka a Fiji, wata ƙasa da ke tsakiyar Tekun Fasifik, gabas da Ostareliya. Tsibirai ne sama da 300, amma kimanin 110 ne ake zaune a kansu, kuma a ƙidayar 2017 an sami mutum 884,887. Babban birninta shi ne Suva, a kan tsibirin Viti Levu.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da su? Ku biyo ni.

A ranar 10 ga Oktoba, 1874, sarakunan ƙasar, a ƙarƙashin Ratu Cakobau, suka miƙa ta ga Ingila. Gwamna Arthur Gordon ya hana sayar da filayen 'yan ƙasa, ya kuma hana a kwashe su zuwa ƙodago a gonakin Turawa. To, rake yana buƙatar hannu. Saboda haka aka juya zuwa Indiya. Jirgin ruwa na farko, mai suna Leonidas, ya iso a watan Mayu na 1879, kuma kafin 1916 an kawo leburori kimanin 60,000, Hindu da Musulmi, bisa yarjejeniyar aikin shekara biyar. Da yake kalmar Turanci ta yarjejeniya ta yi musu nauyi a baki, sai suka mayar da ita "girmit". An soke tsarin a 1920, amma da yawansu ba su koma gida ba. Suka yi hayar gonaki, suka buɗe kantuna, suka gina makarantu da masallatai da wuraren bauta. Har yare nasu na kansu suka samar, wato Hindin Fiji. Musulmi a yau kimanin kashi 6 ne cikin 100.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma yaya za a kira wanda a nan aka binne kakan kakansa? Wannan tambaya ita ce ta daɗe tana cin Fiji. Ƙasar ta sami 'yanci a 1970. A 1987 aka zaɓi gwamnatin da jikokin Indiyawa ke da ƙarfi a cikinta, sai wani hafsan soja, Sitiveni Rabuka, ya hamɓarar da ita. Dubbai suka yi ƙaura zuwa Ostareliya da Kanada da Niyu Zilan, ciki har da likitoci da malamai. A 1999 Mahendra Chaudhry ya zama Firayim Minista na farko daga cikinsu. Shekara guda kacal 'yan bindiga suka tsare shi a majalisa har kwana 56. Mutanen da a da suka fi 'yan asalin ƙasar yawa, kafin 2007 sun koma ƙasa da kashi 40 cikin 100.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. Tsarin mulkin 2013 ya kira kowane ɗan ƙasa da suna ɗaya, ɗan Fiji, ba tare da duba asali ba. Shi kansa Rabuka, da ya dawo mulki ta hanyar zaɓe a 2022, gwamnatinsa ce ta ware ranar hutu a 2023 don tunawa da leburorin girmit, kuma ya nemi gafara a bainar jama'a kan abin da ya aikata. Har yanzu fiye da kashi 80 cikin 100 na filaye na 'yan asalin ƙasa ne, ba a sayar da su sai dai haya, kuma manomin rake yana kwana da tunanin ranar da wa'adinsa zai cika.

Wanda Allah ya nufa da ziyara, jirgi zai sauke shi a Nadi, inda gaisuwar "bula" za ta tarye shi. Zai ga Lautoka, garin rake da sukari, da kuma Levuka, tsohon babban birni, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Zai ci nama da doya da aka gasa a rami kan duwatsu masu zafi, abin da suke kira lovo. Idan kuma zai shiga ƙauye, ba ya shiga hannu rabbana: sai ya kai wa sarki gaisuwar saiwar wani tsiro, yaqona, kamar yadda mukan kai goro. Su ne kuma suka ci zinare a wasan ƙwallon zari-ruga a gasar Olamfik ta 2016.

Mu da aka haifa a zango, muka ji tambayar "ina ne asalinku?" tun muna yara, darasin bai ɓoye mana ba. Harshe da addini a riƙe su, amma takardar haihuwa da katin zaɓe da takardar fili su ma kada a yi wasa da su, kuma zumunci da masu masauki a gina shi tun kafin ranar buƙata. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.